Ranar da Na Kira Sunanka a Bakin Teku

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar mace ga mijinta, har da durƙuso, ko da yake gwiwar yanzu sai an lallaɓa ta take lanƙwasawa. Ina fatan makwancinka ya yi maka faɗi, Allah kuma ya haskaka shi. Mu nan sai godiya. Autarka Hadiza tana gaishe ka. Har yanzu ina gidanta a unguwar Moss Side ta Manchester, a ɗakin nan na ƙasa inda ka yi jinyarka ta ƙarshe, kuma har yanzu in bas ta wuce sai tagar ta yi rawa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, makon jiya Hadiza ta mayar da ni bakin tekun nan na Wales. Ba za ka tuna wurin ba. Ko ranar da muka je tare ba ka san inda kake ba. Shi ya sa nake so in ba ka labarin, don abin da ya faru a can a kanka ya faru, kuma kowa ya sani sai kai. Hadiza ta ce za ta ɗora wasiƙar a waya mutanenmu su karanta, na ce ta ɗora. Amma masu leƙe ta kafaɗata kada su jira in rubuta sunanka. Ba za su gan shi a nan ba.

Ka san yadda aka raine ni. Kakata, wadda ta cika mana kunne da tatsuniyoyi, ta yi zaman aure har ta tsufa ba a taɓa jin sunan mijinta a bakinta ba. Uwata ma haka. Da aka kawo ni gidanku, ni ma na ɗaure bakina, kuma da ka aiko aka sako ni a jirgi zuwa Birmingham ban bar ɗaurin a Kano ba. Kai ka zo jami'ar Aston karatun haɗa magani, ka ce 'yan shekaru ne mu koma. Shekarun suka yi 'ya'ya, 'ya'yan suka yi jikoki, muna nan a unguwar Small Heath.

Ƙasar nan kuwa ba ta san alkunya ba. Duk inda mutum ya sa ƙafa sai a tambaye shi sunan mijinsa. A wurin likitan unguwarmu, matar da ke zaune a bakin ƙofa ta yi shekaru tana zaton ba na jin Turanci, don duk ta tambaya sai in miƙa mata katinka in yi murmushi. Mahaucin layinmu sunanku ɗaya, ya yi ta fama in kira shi da sunansa, har ya rufe shagon ina ce masa mai nama. Hadiza tana yarinya takan ja mini zane ta ce da Turancinta na Birmingham wai ai suna ne kawai, ba ya cizo.

Kai kuwa dariya abin yake ba ka. Kakan ce, "Rabi, ranar da na faɗa rijiya, sai ki tsaya a baki kina Malam, Malam, har duk malaman garin nan su taru, ni ina ciki ina shan ruwa." Ni kuma in ce, "To, kada ka faɗa mana." Shekara arba'in da ɗoriya muna wannan wasa. Ashe rijiyar tana nan tana jiranmu.

Ciwon mantuwa ya shigo maka kamar ɓarawon da ya san gida, bai yi gaggawa ba. Ya fara da makullai. Ya koma kan raka'o'in salla, sai in zauna a bayanka ina ɗaga murya kaɗan kana bi. Daga nan ya kwashe Turancin gaba ɗaya, kai da ka yi rayuwarka a bayan kanta kana yi wa Turawa bayanin magani, ya bar maka Hausar ƙauyenku, irin wadda ban taɓa ji a bakinka ba tun muna sabon aure. Daga baya ya ɗauki sunana. Kana zaune a kujerarka in kawo abinci, sai ka ce, "Sannu, baiwar Allah." Na daure da wannan. Abin da ya karya ni shi ne ranar da na ce Malam, ka waiga bayanka kana neman wanda ake kira.

Tun daga ranar ba ni da wata buƙata a duniya sai guda: in kira ka, ka amsa mini.

Akwai wata cibiyar tsofaffi a unguwarmu, mu dai santa muke ce mata. Ƙaramar bas takan zo ta ɗauke ka da safe ta dawo da kai da la'asar, ni kuma in samu in yi wanka a natse, in leƙa kasuwa, in runtsa. Direban, Bulus, ɗan Jos ne, mai zuwa coci da kwat ranar Lahadi, Hausa a bakinsa kamar ɗan Fagge. Shi kaɗai ne a wurin yake jin abin da kake faɗa. Sai ga shekarun nan da gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Kullum a talabijin a yi haƙuri, ba kuɗi. Aka rage ranakun santar, aka sake ragewa, sannan aka ce za a sa mata kwaɗo. Da kana cikin hankalinka na san abin da za ka ce, don ka sha faɗa: in mai kuɗi ya fara kukan talauci, talaka ya ɗaure wandonsa.

Ma'aikatan suka ce kafin a rufe sai sun kai mu mun ga teku, tsofaffin da masu jinyarsu. Ni na ɗauka fita ce irin ta biki. Na sha leshi, na kafa ɗaurin kai, na sa takalmin da na saya don auren Hadiza. Na yi dambu da soyayyen nama, na cika fulas da kunun gyaɗa. Da Bulus ya gan ni sai ya ce, "Mama, amarya za mu ɗauko ne?" Na ce, "Kai dai riƙe sitiyarinka, ɗan Jos." Sauran tsofaffin, 'yan Jamaika da 'yan Pakistan da wasu Turawa, duk sun sha rigunan ruwa da takalman roba. Sai da muka sauka na gane su ne masu wayo. Iskar wurin ta kwance mini ɗaurin kai tun ina bakin mota.

Malam, bari in faɗa maka yadda wurin yake, tunda idonka ya gani amma bai ajiye ba. Tudu ne mai faɗi, ciyawa ta rufe shi kore shar, gajeriya kamar an shimfiɗa darduma, da wasu ƙananan furanni ruwan ɗorawa a warwatse. Ka yi ta tafiya a kanta tana gangarawa a hankali, sai kawai ƙasar ta ƙare, kamar an sa wuƙa an yanke. Daga nan sai rami mai zurfi, duwatsu a ƙasa, ruwa yana dukansu. Ta gefe guda akwai hanyar da take sauka zuwa rairayi mai tsawo, mutane a kansa kamar tururuwa. 'Yan yawon buɗe ido sun cika ko'ina, da jakunkuna a baya, da karnuka, da na'urorin ɗaukar hoto, wasu sun yi layin askirim a cikin wannan sanyi. Ba katanga a bakin ramin, ba waya. Allo ne kawai aka kafa wai a kula, da Turancin da ka riga ka manta.

Sai tumaki. Sun bazu a kan ciyawar, farare, masu gashi kamar katifa, kowacce an shafa mata fenti a gadon baya. Ba makiyayi, ba yaro, ba kowa. Suna kiwo har bakin ramin ko a jikinsu.

Ka daɗe ba ka haɗa magana mai kai da gindi ba. Amma da ka gan su sai ka tsaya cak, ka ce, "Wa ya saki dabbobin nan ba mai tsaro?" Ka ɗauki sandarka ta asibiti, ta ƙarfen nan mai roba a gindi, ka gicciya ta a kafaɗa, ka rataya hannuwanka a kai. Murna ta rufe ni. Ka sha ba ni labarin yadda kake kiwon tumakin Inna, mahaifiyarka, kafin a sa ka boko, amma ban taɓa ganin yaron ba sai ranar. Na ce a raina yau ce. Wanda ya tuna tumaki zai tuna matarsa. Na matso na ce, "Malam, ka ga ikon Allah?" Ko kallona ba ka yi ba.

Azahar ta yi. Bulus ya duba wayarsa ya nuna mini gabas, ya ce in yi sallata, yana tare da kai. Na shimfiɗa mayafi na biyu a kan ciyawa na ɗora jaka don kada iska ta tafi da shi. Ina cikin salla keken wata tsohuwa 'yar Jamaika ya kafe a rami yana neman kifar da ita, Bulus ya ruga ya tare. Ba laifin kowa ba ne. Ina sallamewa na waiga, sai na hango farar hularka can nesa. Wata tunkiya da ɗanta suna kiwo a daidai inda ƙasar ta yanke, kai kuma ka nufe su, sanda a kafaɗa, kana tafiyar da ka yi shekaru ba ka yi irinta ba.

Wata ma'aikaciya ta kwasa da gudu tana kiranka da Turanci. Da ka ji baƙuwar murya a bayanka sai ka ƙara sauri. Ka san haka ciwon ya mai da kai, duk wanda ya biyo ka da gudu abokin gaba ne. Bulus ya daka mata tsawa ta tsaya. Shi ma ya gwada, ya kira ka Baba, ya kira sunan nan naka da yake gani a takarda, ka ƙara matsawa gaba. Kowa ya ƙame a inda yake. Turawan da ke wucewa suka janye karnukansu.

Na cire takalmin bikin na jefar. Na bi ka a hankali, ciyawar tana da sanyi kamar ƙanƙara. Na ce Malam. Na ce Alhaji. Na ce Baban Hadiza. Iska ta kwashe su duka ta watsa a teku. Tsakaninka da bakin ramin bai fi tsawon tsakar gida ba. Bulus ya zo kusa da ni ya ce, "Mama, muryarki kaɗai ba ya gudu. Don girman Allah ki kira shi da sunansa."

Malam, kada ka yi mini dariya daga inda kake. Mijina yana tafiya zuwa halaka, ni kuma na buɗe baki harshen ya ƙi tashi. Abin da aka ɗaure shekara arba'in ba ya kwancewa don an ce kwance. Na ji idon kakata a ƙeyata. Na ji idon Inna. Sai kuma na ji muryarka kana cewa ina ciki ina shan ruwa.

A tatsuniyoyin kakata, wanda ruwa ya ɗauke ba ya fitowa don an yi kuka. Sai an samu wanda ya tsaya a bakin gaɓa ya kira shi yadda ya kamata. Ban san ta ina za a fara kiran miji da suna ba, ban taɓa jin an yi ba. Kira ɗaya na sani, wanda mata suke yi daga bakin zaure in rana ta yi sanyi yara ba su dawo daga jeji ba. Shi na yi. Na ja ƙarshen sunan har numfashina ya ƙare.

Ka tsaya.

Ka juyo, fuskarka a sake, ka ɗaga murya ka ce, "Na'am, Inna!" Sannan ka nuna tumakin da sanda ka ce, "Ban bar su sun shiga gonar mutane ba."

Ka amsa. Abin da na yi ta roƙo ke nan, kuma Allah ya ba ni, sai dai ba da sunana aka rubuto kyautar ba. Ban samu lokacin yin kuka ba. Na ce, "Na sani, ɗan albarka. Taho ka ci abinci, za su kula da kansu." Ka taho da saurinka, ka kama gefen zanena, ka biyo ni.

Turawan suka yi ta tafi, wani har da ɗaukar hoto. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, kamar wadda zanenta ya faɗi a kasuwa. Su ba su san me aka yi ba, suna ganin tsohuwa ta kira tsoho. Bulus kaɗai ya sani. Ya juya mana baya yana kallon teku, ya daɗe a haka, daga baya ya je ya tsinto mini takalmana ya ajiye a gabana. Har muka rabu bai taɓa tayar da maganar ba. Duk wadda ta raini yaron nan, Allah ya saka mata.

Daga baya muka sauka rairayin. Ka zauna, na ba ka dambu a baki, ka cinye tas, ka sha kunun. Na naɗe maka ƙafar wando ka taka ruwa, da sanyin ya ratsa ka sai ka yi tsalle ka ƙyalƙyale da dariya, ka ce, "Inna, wannan tafkin ba ya da ƙarshe ne?" Na ce yana da shi, yana can wajen garinmu. A mota ka ɗora kanka a kafaɗata ka yi barci a gaban mutane, abin da ba ka taɓa yi ba kana mijina.

Aka rufe santar. Ni kaɗai na kasa ɗaga ka, na kasa bin ka in ka buɗe ƙofa ka fita. Hadiza ta ce ba za a kai ubanta gidan ajiye tsofaffi ba tana numfashi, ta zo ta kwashe mu zuwa Manchester. Muka bar gidan Small Heath da bishiyar tuffar da ka dasa.

Sunan nan kuwa, da na ɓoye kamar zinariyar gado, ya zama kayan aikin yau da kullum kamar ludayi. Da shi kake buɗe baki ka sha magani. Da shi kake yarda a yi maka wanka. Kullum in na kira, amsar guda ce: na'am, Inna. Allah ya jiƙan Inna. Ni da ko ido ban iya haɗawa da ita ba sanda nake amarya a ɗakinta, sai ga ni na gaji kujerarta ba da shawarata ba. Na shiga gidanka matarka, na fito uwarka.

Sau ɗaya na gwada karɓar abina. Da hantsi ne, rana ta ɗan leƙo ta tagar, ina yanke maka farce. Na ce a hankali, "Ka tuna Rabi?" Ka yi ta nema a ranka, sannan ka ce, "Inna, wace ce Rabi?" Na ga tsoro ya fara hawa fuskarka, irin na yaron da aka yi wa tambayar da bai sani ba. Sai na ce, "Wata yarinya ce da za mu nema maka in ka girma." Ka rufe fuska da tafin hannu kana dariyar kunya. Ka leƙo ta tsakanin yatsu ka ce, "Tana da kirki?" Na ce, "Da dama dai. Bakinta ne da nauyi." Ka ce, "To, ina so."

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada Hadiza ta ji ni. Ban sake tambaya ba.

Da sanyin da ya biyo baya ka tafi, da safe, hannunka a cikin nawa. Ina laƙƙana maka kalmar shahada kana bi, kamar yadda kake bin karatuna a salla. Ka tafi kana zaton uwarka ce a kanka. Na yi ta tunani a kan wannan, kuma na ga ba mugun abu ba ne mutum ya bar duniya a hannun da yake zaton shi ya karɓe shi ranar da ya shigo ta.

To, makon jiya mun koma. Wannan karon na sa rigar ruwa da takalmin roba, tsohuwa ma tana koyon darasi. Ciyawar tana nan yadda ka bar ta. Masu hoto suna nan, layin askirim yana nan. Tumakin ma suna nan a bakin ramin, har yau ba wanda ya turo musu makiyayi, kuma ban ga wadda ta faɗa ba. Na nuna wa Hadiza inda ka tsaya da inda na tsaya. Ta rungume ni ta ce, "Mama, ki sake kira mana, ko sau ɗaya, ba kowa a kusa." Na ce a'a. Aron sunan na yi don in ciro ka daga rijiya, kuma an gama da rijiyar. Tun ranar da aka ɗauke ka daga ɗakin nan na mayar da shi inda yake.

Allah ya gafarta maka, Malam. Ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi. Ya mayar maka da duk abin da mantuwa ta kwashe, ya haɗa ka da Inna ta gaskiya, ta karɓi kujerarta. Ya jiƙan iyayenmu, ya raya mana zuriya, ya dubi tsofaffin da aka rufe wa ƙofa ba su da wata Hadiza.

Roƙona gare ka guda ne. In Allah ya sa mun haɗu a inda ba a mantuwa, zan tsaya daga nesa kaɗan in ce Malam, kamar yadda na saba. Kada ka waiga baya neman wani. Ka dube ni, ka kira ni da sunana.

Wassalam.

Ni ce yarinyar da aka ce za a nema maka,
Rabi